Takardar Auren Doña Teodosia

Duk wanda ya taɓa sayen cuku a kasuwar garinmu ya san Doña Teodosia Huaraca, ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai zama a ƙofar gabas kusa da masu ganyen magani, da farar hula da kitso biyu da suka sauko mata har ƙugu. Ba ta kiran masu saye, ba ta yi wa kowa dariyar ciniki. Mutane da yawa sun ɗauke ta mai zafin rai. Ni ma haka na ɗauke ta, har ranar da ta tako ofishinmu.

Sunana Nélida. Shekara ashirin da tara na yi a ofishin rajista na lardi, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Abin da zan faɗa, wani a gabana aka yi shi, wani kuma daga bakinta na ji.

An haife ta a Urpaypata, can ƙololuwar dutse inda ba abin da ke fita sai dankali da ciyawar tumaki. Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Cirilo Tinco, mai alfadarai uku. Yakan sauko gari da dankali da ulu, ya koma da gishiri da kananzir. Ta ce mutum ne mai sanyin jiki, in ka aike shi ɗibar ruwa sai ya tsaya gaisawa da duk wanda ya haɗu da shi, har da karnuka. A 1979 magajin garin ƙauyen ya tara ma'aurata goma sha bakwai a filin makaranta ya ɗaura musu aure rana ɗaya. Cirilo ya iya rubuta sunansa, ya rubuta. Ita ta dangwala yatsa. Ba wanda ya damu da karɓar takarda, don kowa a ƙauyen ya san matar kowa. Sun haifi 'ya'ya biyu, duka sun koma kafin yaye.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Masu bindiga na daji su shigo da safe, masu bindiga masu kaki su shigo da yamma, kowanne yana tambayar wa ya ba wancan abinci. A 1983 aka ƙone ofishin ƙauyen da duk littattafan da ke ciki. A watan Fabrairu na shekarar da ta biyo baya Cirilo ya kama hanyar gari da alfadari ɗaya. Kwana uku bayan haka alfadarin ya dawo shi kaɗai, da sirdinsa a ɗaure. Wasu mata masu kiwo suka ce sun hango mutane fuska a rufe sun tsayar da shi a wata kwana, rana tsaka.

Ta neme shi a bariki, ta neme shi a asibiti, ta bi bakin kogi inda ake yar da mutane tana korar karnuka tana juya gawawwaki. Da ƙauyen ya watse sai ta sauko gari ta kama ɗaki a bayan kasuwa. Ba ta sake aure ba. Ba ta sa baƙar rigar takaba ba, ta ce ba ta ga gawa ba.

A 2013 ma'aikatan tono suka buɗe wani rami a kwazazzabon da ke ƙasa da kwanar nan. Mutum goma sha ɗaya suka samu. Aka wanke tufafin da ke jikin ƙasusuwan, aka shimfiɗa su a kan tebura a zauren wata makaranta, aka ce duk mai neman wani ya zo ya duba. Teodosia ta bi teburan a hankali har ta isa na bakwai. Rigar sanyi ce ruwan ƙasa, amma hannun hagu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa toka-toka ne. Ita ta saƙa ta. Ulun ne ya ƙare mata, ta ƙarasa da abin da ke gida.

Lauyan gwamnati ya ce riga ba ta isa ba, za a gwada jinin ƙanwar Cirilo, kuma sakamako zai ɗauki watanni. Ya ƙara da cewa idan ta tabbata shi ne, za a miƙa ƙasusuwan ga mafi kusanci da ke da takarda. Ƙanwar, Brígida, tana Lima, babban birni, tun tuni, takardunta cif, kuma ta riga ta ce a can za ta binne ɗan'uwanta. Abin da ya kawo Teodosia gaban teburina ke nan, wata Litinin cikin damina.

"Señorita, takardar aurena nake so," in ji ta da yarenmu na Kechuwa.

"A ina aka ɗaura, mamita?"

"Urpaypata."

Na ajiye biro. "Mamita, littattafan Urpaypata ai sun ƙone tun ina makarantar firamare. Sai dai ki bi ta kotu, ki kawo shaidu biyu da suka halarci auren."

"Shaidun suna ramin nan tare da shi. In tono su in kawo miki?"

Ta matso da fuskarta kusa da gilashin.

"Littafi biyu ake rubutawa. Ɗaya ya zauna a ƙauye, ɗaya a kawo muku. Kowane watan Janairu mijina ne yake ɗaure shi a buhu ya ɗora wa alfadari ya sauko muku da shi. Ke ma'aikaciya ce ko ni?"

Gaskiyarta ce. Kafin tashin hankalin haka dokar take, sai dai ba wanda ya san inda littattafan da aka kawo mana suka shiga. Na ce ta dawo ranar Juma'a, ba don ina da wani fata ba, don dai ta matsa wa na bayanta.

Siton ofishinmu a ƙarƙashin bene yake, taga ɗaya gare shi a sama, daidai da ƙafafun masu wucewa a titi. Ko da rana tsaka sai ka kunna fitila. Littattafai ne jibge har rufi, wasu sun kumbura da laima, wasu ɓeraye sun cinye musu rabin shekara. Masu shara ba sa shiga, sun ce suna jin ana buɗe shafi alhali ba kowa. Ni ban taɓa ji ba. Abin da na sani shi ne ba na son juya wa ƙofar baya in ina ciki, kuma ban san dalili ba.

Kwana uku ina sauka lokacin cin abincin rana. A rana ta uku na ja wani kundi da aka rubuta sunan wani ƙauye dabam a bayansa, sai ga wani siriri manne da shi da hunhuna. Na ɓamɓare shi da wuƙar buɗe wasiƙa. Auren Urpaypata, 1979. Shafi na goma sha ɗaya, ga su nan: Cirilo Tinco, ɗan shekara ashirin da shida, mai alfadarai. Teodosia Huaraca, 'yar shekara ashirin da biyu. Ga sa hannunsa, manyan baƙaƙe irin na wanda ya koyi rubutu da girma, wutsiyar harafin ƙarshe ta lanƙwaso ƙasa. Ga yatsarta a gefe.

Har na yi murmushi ni kaɗai. Sai idona ya kai gefen shafin.

A da, duk lokacin da aka fitar wa mutum kofin takarda, magatakarda yakan rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe, mai nema ya sa hannu. Akwai irin wannan rubutu guda ɗaya. Na kai littafin ƙarƙashin fitila. An rubuta: an fitar da kofi bisa buƙatar mijin, 14 ga Maris 1991. A ƙasa ga sa hannun tsohon shugabana a ofis, Don Leoncio Barzola. Kusa da shi kuma ga manyan baƙaƙen nan, da wutsiyar da ta lanƙwaso ƙasa.

Na ƙirga da yatsu kamar ƙaramar yarinya. Shekara bakwai bayan alfadarin ya koma gida shi kaɗai. Na rufe littafin, na hau bene da baya da baya.

Ranar Juma'a na shigo da ita ciki na ba ta kujera, abin da ba ma yi wa kowa. Na nuna mata yatsarta. Ta ɗora nata a kai ta ce, "Ji yadda yake ƙarami." Na so in tsaya a nan. Amma ta ga hannuna yana rufe gefen shafin.

"Me kike ɓoyewa?"

Na karanta mata. Ta sa na sake karantawa. Ta ce in faɗa mata da Kechuwa, na faɗa. Sannan ta cire hularta ta ɗora a cinya.

"Ban taɓa gaya wa kowa ba," in ji ta. "Ko Fada na coci ban gaya wa ba. Kin san abin da ya fitar da shi ranar? Takardar nan ce. Tun da aka ƙone ofis, duk shingen da ka je sai a ce ina takarda. An tafi da wata mata a gabana don ba ta iya nuna cewa mutumin da ke tare da ita mijinta ne ba. Na sa shi gaba, kullum sai na yi masa magana. Ya ce hanya ba kyau, a bari ruwa ya ɗauke. Na ce kai dai komai sai gobe. Da safen nan ko kunun bai gama sha ba na miƙa masa hularsa."

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da hular kanta ta ce, "Wannan Leoncio, yana raye?"

Yana raye, a wani gida mai lambu a unguwar bayan coci, tare da 'yarsa. Ya haura tamanin, idanunsa sun yi fari da yana. Muka same shi a tsakar gida an lulluɓe masa ƙafa da bargo, ga gajimare ya sauko har ba a ganin dutsen da ke bayan gidan.

"Nélida ce? Na gane tafiyarki, har yanzu kina jan ƙafa kamar mai zuwa aiki ranar Litinin. Wa kika kawo min?"

"Wata baƙuwa ce, Don Leoncio. Kan wani kofi da ka fitar a 1991. Littafin Urpaypata."

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya juya kai wajen da take tsaye kamar yana ganinta.

"Matar Cirilo ce," in ji shi. Ba tambaya ya yi ba. Ya kira 'yarsa ya ce ta ɗauko masa gwangwanin biskit da ke kan kabad.

Ga abin da ya faɗa mana. Ya san Cirilo sarai, shekara biyar yana karɓar littafi daga hannunsa, har yakan ba shi kofi mai zafi ya sha kafin ya juya. Ranar da ake magana, wajen ƙarfe goma sha biyu, ana ruwa, ma'aikata sun fita cin abinci, shi kaɗai ne a ofis. Bai ji buɗe ƙofa ba, alhali ƙofar nan tana kuka. Ya ɗaga kai kawai ya ga mutum tsaye a gaban tebur.

"Na ce, a'a, Cirilo, ashe kana duniya? Wasa na yi masa, señora, irin gaisuwar da muke yi wa juna a lokacin. Bai yi dariya ba. Ya ce takardar aure ya zo karɓa. Na ce zauna mana. Ya ce ya gaji da kwanciya, tsayuwar ta fi masa. Na ce kawo katinka. Ya ce sun karɓe. Ban tambaye shi su wa ba. A shekarun nan wa ke tambaya?"

"Yaya kamanninsa?" in ji Teodosia.

"Kamar yadda na san shi. Abin da ya dame ni ke nan daga baya. Kowa ya tsufa a shekarun nan, ni furfura ta cika min kai, shi kuwa ko gezau. Ba ponco, bargon nan da muke yafawa, a jikinsa cikin wannan ruwa, rigar sanyi kawai, kuma ba ta jiƙe ba. Sai dai warin ƙasa, kamar in an buɗe rumbun dankali."

"Rigar wane launi?"

"Ban riƙe ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban riƙe ba."

Ya ce ya sauka sito ya ɗauko littafin, ya buga kofin a tafireta, Cirilo ya sa hannu a gefe. Amma hatimi yana wajen magajin gari, shi kuma ya tafi taro. Ya ce masa ya dawo gobe.

"Ya ce gobe ba shi da dama. Na ce to a ba wa? Ya ce matata za ta zo da kanta, ba ta da haƙuri. Har ya juya sai ya tsaya ya ce, in ta zo ka gaya mata layi na tarar."

Teodosia ta yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce. Ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Layi," in ji ta. "Kullum layi. In ya makara daga kasuwa layi, in ya makara daga injin niƙa layi. Maƙaryacin banza."

Don Leoncio ya laluba gwangwanin ya fito da ambulan. Takardar ta yi ruwan ɗorawa, amma ga hatimin nan, kwanan wata 15 ga Maris. Ya ce ya ajiye ta a durowa shekara takwas, da ya yi ritaya kuma ya kasa barinta. Bai san an ɗauke Cirilo ba. Ya ɗauka yana cikin waɗanda suka gudu ƙasar daji wajen noman koko da kofi. Bai kuma san fuskar matar ba.

"Ni ce mai cukun ƙofar gabas," in ji ta.

Tsohon ya ce, "Shekara ashirin ina saye a wajenki."

"Kana kuma cewa gishiri ya yi yawa."

A hanyar komawa na yi ƙoƙarin kawo mata hankali, ko in ce in kawo wa kaina. Na ce an sha yin haka, waɗanda suka ɗauki mutum su riƙe katinsa, wani ya ci gaba da rayuwa da sunansa, ya zo neman takardu don ya ƙara ƙarfin ƙaryarsa. Na ce Don Leoncio ya tsufa, ƙila ya haɗa fuska biyu. Ta ce, "To sa hannun fa?" Na ce ana kwaikwaya. Ta ce, "Layin ma kwaikwaya aka yi?"

Washegari na duba kwamfuta. Ba wani Cirilo Tinco da ya sabunta kati ko ya yi zaɓe ko ya yi rajistar ɗa a ko'ina a ƙasar tun daga 1984. Na sake sauka sito da gilashin ƙara girma na jera sa hannun biyu. Ni ba ƙwararriya ba ce, amma na ga dubban sa hannu a rayuwata. Hannu ɗaya ne. Bambancin kawai, na biyun an danna biro sosai har ya kusa huda takardar, kamar wanda yatsunsa suka sandare da sanyi.

Watannin jiran sakamako sun yi mata nauyi fiye da shekaru ashirin da taran da suka wuce. Na fara biyawa ta wajenta bayan an tashi aiki. Ta rame. Na lura duk tsohon da ya wuce da hular 'yan dutse sai ta bi shi da ido har ya ɓace. Wata rana ta bar tebur a buɗe ta bi wani har tashar mota, ta kama masa hannu, ya juyo, ba shi ba ne. Ya ce, "Lafiya, uwa?" Ta ce masa ta ɗauka ɓarawo ne.

Ranar ta ce min, "Nélida, abin da ke hana ni cin abinci shi ne wannan. In da ransa ya shigo garin nan, ya wuce kasuwa bai neme ni ba, to ban san wanda na aura ba, kuma wani ne can ya mutu cikin rigar da na saƙa. In kuwa matacce ne ya zo, to shi ne. Na san shi. An aike shi, sai ya isar, ko da bayan shekara bakwai ne."

"To wanne kike so ya zama, mamita?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Wace mace ce za ta so mijinta ya mutu?" Ta gyara ganyen da ke ƙarƙashin cukun. "Ban sani ba."

Sakamako ya zo a watan Oktoba. Ta ce in raka ta, don likitar da ke duba ƙasusuwan ba ta jin wani yare sai Sifaniyanci. Ƙasusuwan tebur na bakwai na Cirilo ne, ba shakka. Na tambayi likitar, kamar ni ce mai son sani, ko za a iya gane shekarar da ya mutu. Ta ce ƙashi ba ya faɗin shekara daidai, amma sauran goman duk an ɗauke su ne a mako guda cikin Fabrairun 1984, shi kuma yana can ƙasa, mutum huɗu a kansa. Ramin sau ɗaya aka haƙa shi, sau ɗaya aka rufe.

Na fassara wa Teodosia. Ta gyaɗa kai sau biyu. Da muka fito ta tsaya wajen mai miyar kaza a bakin titi ta ci kwano guda har da ƙari. Washegari ta zo kasuwa da baƙar riga.

Lauyan ya ƙi karɓar takardar 1991, ya ce dole kofin ya zama sabo, wanda bai wuce wata uku ba. Na buga mata sabo cikin minti biyar. Brígida ta zo daga Lima da shirin rigima, amma da ta ga takarda, ta kuma ga matar ɗan'uwanta, sai ta sauko. An miƙa musu ɗan ƙaramin akwati fari, tsawonsa bai kai hannu biyu ba. Kafin a rufe, ma'aikatan suka jera ƙasusuwan a gabansu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi. Teodosia ta tambaya wanne ne hannun dama. Aka nuna mata. Ta daɗe tana duban ƙananan ƙasusuwan yatsun, ban san abin da take nema ba, ban kuma tambaya ba.

A Urpaypata aka binne shi, kusa da 'ya'yansa. Mun tafi cikin babbar mota, mu goma sha biyar. Gidaje shida ne kawai ke da hayaƙi a ƙauyen. An dafa dankali da nama a rami, an zuba wa ƙasa giyar masara, an ba kowa ganyen koka na taunawa. Na zaci za ta sa tsohuwar takardar a cikin akwatin. Ba ta sa ba. Ta ce ita aka karɓo wa.

Saura aiki ɗaya, kuma ni ya faɗa wa. Kotu ta aiko da umarnin a yi rajistar mutuwar, a kuma rubuta a gefen shafin auren cewa mijin ya rasu. Ranar da alƙali ya tsayar ita ce 20 ga Fabrairu 1984. Na haura da littafin ofis, don ban yarda in yi rubutun a sito ba. Wurin da ya rage a gefen shafin ɗan kaɗan ne, daidai ƙarƙashin sa hannun nan na biyu. A nan na rubuta.

Don Leoncio ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Teodosia ta je jana'izar, ta tsaya a baya, ta tafi kafin a raba abinci.

Shekara biyu bayan haka aka aiko mana da wani mai bincike daga babban birni don a ɗauki hoton tsofaffin littattafai a sa a kwamfuta. Mutum ne mai tsabta, da safar hannu da ƙyallen rufe hanci, ba abin da ke wuce shi. Ranar da ya kai shafi na goma sha ɗaya ya kira ni.

"Señora, akwai kuskure a nan. Mutum ba zai mutu a 1984 ya karɓi takarda a 1991 ba. Dole a soke ɗaya."

"To, ranka ya daɗe. Wanne zan soke?"

Ya duba umarnin kotu. Ya duba sa hannun da ke tsakiyar shafi, ya duba na gefe. Ya karɓi gilashina ya sake dubawa, ya daɗe a sunkuye. Na ga ya cire safar hannu ɗaya ya shafa rubutun da yatsa, inda biron ya nutse cikin takarda. Sai ya rufe littafin a hankali ya tura shi gefe, ya tambaye ni ina ake samun abinci mai kyau a garin nan.

Doña Teodosia ta bar kasuwa bara, gwiwoyinta sun ƙi. Ta koma Urpaypata, wata jikar maƙwabtanta ta gyara mata ɗaki ɗaya a tsohon gidansu. Na ziyarce ta sau ɗaya da rani. Na same ta a bakin ƙofa tana kaɗin ulu, ta juya kujerarta ta ba hanyar gari baya. Ta yi min faɗa don na zo ba hula, ta ce ranar dutse za ta dafa min ƙwaƙwalwa, sannan ta aike ni ɗauko itace.